Neman shawara: ɗana ya fara shakkar cikar annabci da mu'ujizai

Uwa mai neman shawara:

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Ɗana na fari, wanda yake karatu a jami'a, ya zo mini da tambayoyi biyu da na kasa amsawa. Ta farko, ya ce annabce-annabcen da muke cewa sun cika a kan Yesu, ko dai an rubuta su ne bayan abin ya faru, ko kuma marubutan Bishara ne suka tsara labarin domin ya dace da su. Ta biyu, ya ce idan mu'ujiza gaskiya ce, me ya sa ba a nuna takardar likita a kan warkarwar da ake yi a talabijin, kuma me ya sa masu annabcin sabuwar shekara ba sa dawowa su amsa laifi idan abin bai faru ba. Bai daina zuwa sujada ba, bai kuma yi mini rashin kunya ba. Mahaifinsa yana so a hana shi irin wannan karatu, ni kuwa ina tsoron hani zai sa ya rufe mana bakinsa gaba ɗaya. Me zan faɗa masa?

Malamin makarantar Littafi Mai Tsarki:

Mama, tambayarsa ta farko kashi biyu ce, kuma kashi na farko yana da amsa a fili. A shekarar 1947 aka fara gano tsofaffin littattafai a kogunan Kumran, kusa da Tekun Gishiri, kuma a cikinsu akwai littafin Ishaya kusan cikakke, wanda masana suka ce an kwafe shi fiye da shekara 100 kafin haihuwar Almasihu. Sura ta 53 tana ciki, wato wadda take maganar bawan da aka soke saboda laifofinmu, aka kai shi kamar ɗan rago wurin yanka bai buɗe baki ba. Yahudawan Iskandariya kuma sun riga sun fassara littattafan annabawa zuwa Helenanci kafin zamanin Yesu. Saboda haka babu mai cewa Kirista ne suka rubuta Ishaya 53, ko Zabura 22, ko Mika 5:2 da ta ambaci Baitalami.

Kashi na biyu ya fi nauyi, kuma ina roƙo kada ki raina shi. Gaskiya ne akwai abin da mutum zai iya cikawa da gangan, kamar shiga Urushalima a kan jaki bisa ga Zakariya 9:9, kuma Bishara ba ta ɓoye cewa Yesu ne da kansa ya aika a kawo jakin ba. Akwai kuma ayoyin da Matiyu ya kawo waɗanda a asalinsu suna maganar wani abu dabam: Yusha'u 11:1 tana maganar fitowar Isra'ila daga Masar ne, Matiyu kuwa ya ga Yesu yana maimaita tarihin jama'arsa. Wannan fahimta ce ta mai bi, ba hujjar da za a ɗora wa mai shakka ba. Hatta faɗin rushewar Haikali a Markus 13, wanda sojojin Roma ƙarƙashin shugaban yaƙinsu Titus suka rushe a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, za a iya yi miki gardama a kansa, domin masana da yawa suna ganin an rubuta Markus dab da wannan lokaci.

Inda ƙafarki za ta tsaya da ƙarfi shi ne mutuwarsa. Yahudawan lokacin suna jiran Almasihu mai sarauta ne wanda zai kori Romawa, Attaura kuma ta ce wanda aka rataye a kan itace la'ananne ne. Mai ƙirƙirar labari domin ya jawo mutane ba zai zaɓi gicciye ba. Gicciyen kuma ba daga bakinmu kaɗai aka ji shi ba: Tasitus, marubucin tarihin Roma wanda ba ya ƙaunar Kirista ko kaɗan, ya rubuta cewa an kashe Almasihu a hannun Bilatus a zamanin Tibariyas, a 1961 kuma aka tono dutse a Kaisariya mai ɗauke da sunan Bilatus. Ki ba shi Ishaya 53 ya karanta da kansa, sannan ki tambaye shi wa ya gani a ciki. Zai iya ce miki malaman Yahudawa da yawa suna fassara bawan a matsayin al'ummar Isra'ila, kuma haka ne. To, sai ku zauna ku auna fassarorin biyu aya bayan aya.

Wani ɗan'uwa:

Da girmamawa, Malam, ina ganin ka sassauta da yawa. An koya mana cewa annabci fiye da 300 ne suka cika a kan Yesu, kuma wannan kaɗai ya isa ya rufe bakin kowa. Yaron nan addu'a da azumi yake bukata, domin Ubangiji ya ce wa Toma masu albarka ne waɗanda ba su gani ba amma suka ba da gaskiya.

Malamin makarantar Littafi Mai Tsarki:

Addu'a kam dole ce, ɗan'uwa. Amma jerin nan ya haɗa annabci na kai tsaye da alamu da kamanni, kuma yaro mai bincike zai ɗauko mafi rauni a ciki ya ce sauran ma haka suke. Biyar masu ƙarfi sun fi masa amfani. Toma kuma, kafin a faɗa masa wannan magana, an fara nuna masa hannuwa da kwiɓi.

Fasto mai ritaya:

'Yata, a kan tambaya ta biyu ɗanki yana tare da Littafi Mai Tsarki, ko da bai sani ba. Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ce idan annabi ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, ba Ubangiji ne ya faɗa ba, kada a ji tsoronsa. Sura ta 13 ta ƙara da cewa ko alamar ta faru, idan mai yin ta yana jan mutane zuwa ga wasu alloli, kada a saurare shi. Yesu da kansa ya ce a Matiyu 7 waɗansu za su zo a ranar ƙarshe suna cewa sun yi annabci da al'ajibai da sunansa, ya ce bai taɓa saninsu ba. Abin takaici shi ne mu shugabanni ne muka bar wannan awo, muka bar wa matasa su yi mana shi.

Ba yau aka fara ba. A Amurka mabiyan William Miller sun jira dawowar Almasihu a ranar 22 ga Oktoba 1844, Harold Camping kuma ya sa ranar 21 ga Mayu 2011, duka ranakun suka wuce bai dawo ba, alhali Matiyu 24:36 ta riga ta ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar. Ki gaya wa ɗanki cewa ƙin yarda da annabin ƙarya biyayya ce. Sai dai ki tuna masa cewa wurin da Bulus ya ce a gwada kome, a 1 Tasalonikawa 5, nan ne kuma ya ce kada a raina annabci.

'Yar'uwa ma'aikaciyar jinya:

Mama, neman takardar likita ba rashin bangaskiya ba ne. Da Yesu ya warkar da kuturu a Markus 1, ya aike shi wurin firist, wanda shi ne shari'a ta ba aikin duba cutar ya tabbatar ta tafi. A Lourdes ta ƙasar Faransa ikkilisiyar Katolika tana da ofishin likitoci tun 1883, kuma cikin dubban warkarwar da aka kai rahoto, kimanin 70 kaɗai aka amince da su a matsayin mu'ujiza, bayan bincike na shekaru. Ko mutum ba Katolika ba ne, wannan taka-tsantsan abin koyi ne. Ni na gaskata Allah yana warkarwa har yau, amma duk wanda ya ce wa majiyyaci ya jefar da maganinsa, ku guje shi. Bulus, wanda aka yi mu'ujizai ta hannunsa, ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas da ciwo a Militas, shi kansa ma ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙaya daga jikinsa ba a cire ba.

Uwa mai neman shawara:

Na gode ƙwarai. Baba Fasto, idan ya ce mu'ujizan da ke cikin Bishara ma ba su da takardar likita fa?

Fasto mai ritaya:

Kada ki bi su ɗaya-ɗaya, 'yata, ki kai shi ga tashin Yesu daga matattu, domin Bulus ya ce idan ba a ta da Almasihu ba bangaskiyarmu banza ce. Ku karanta 1 Korintiyawa 15 tare. An rubuta wasiƙar wajen shekara ta 55, kimanin shekara 25 bayan gicciye, kuma Bulus ya ce abin da shi ma ya karɓa ne ya miƙa musu. Cikin waɗanda suka ga Yesu bayan tashinsa ya ambaci Kefas, wato Bitrus, da sha biyun, da Yakubu, da 'yan'uwa fiye da 500 waɗanda ya ce yawancinsu suna da rai a lokacin da yake rubutu. Ki bar ɗanki ya kawo nasa bayanin abin da ya juya Bulus mai tsananta wa ikkilisiya, da Yakubu ɗan'uwan Yesu, alhali Yohanna 7 ta nuna 'yan'uwan Yesu ba su gaskata da shi ba a da. Ki kuma roƙi mahaifinsa ya zauna a wurin karatun, ko da ba zai ce kome ba.