Da Mayweather ya haɗu da Hearns na 1981, wa zai sha ƙasa?

Ɗan Auta: Ni dai na faɗa, kuma ba na janyewa. A damben zamani, a ajin masu nauyin fam 147, ba a taɓa yin wanda zai doke Floyd Mayweather ba. Dambe 50, nasara 50. Hatton, Mosley, Pacquiao, duk ya tankaɗe su. Ku kawo Sugar Ray Robinson, ku kawo Sugar Ray Leonard, maki zai tara musu har a tashi.

Kawu: Yaro man kaza. Ka san Sugar Ray Robinson kuwa? Kafin ya tafi Landan a 1951 ya yi dambe sama da 130, sau ɗaya tak aka doke shi. Wanda ya doke shin ma Jake LaMotta ne a 1943, ya fi shi nauyi da fam 16. Bayan mako uku suka sake karawa, Robinson ya rama. Mako uku fa! Naka gwanin sai ya shekara yana zaɓen abokin karawa kamar mai zaɓen ragon layya.

Ɗan Auta: Allah ya huci zuciyarka Kawu, amma ka taɓa ganin bidiyon Robinson a wannan ajin? Yawancin abin da ake nunawa na bayan ya haura aji na gaba ne. Sauran duk labarin jarida.

Kawu: Kid Gavilan da ya doke sau biyu, a 1948 da 1949, shi ma labarin jarida ne?

Mai Shayi: Ku bar Robinson ya huta a kabarinsa. Ɗan Auta, ga wanda bidiyonsa yake ko'ina: Thomas Hearns. Tsayinsa ƙafa 6 da inci 1, faɗin hannuwansa inci 78. Floyd ƙafa 5 da inci 8, hannu inci 72. Duk dabarar Floyd ita ce ya noƙe haɓa bayan kafaɗa, ka kai naushi ka ɓata, ya mayar maka da dama. To wanda yake tsaye can nesa yana caccakarka da hagu, ba ya buƙatar matsowa, ta ina za ka mayar masa? Ka tuna 2007, De La Hoya da hagun nan ya takura shi a turamen farko, har alƙali ɗaya ya ba De La Hoya nasara, alhali ƙarfinsa ya fara ja baya. Hagun Hearns ya fi wancan tsawo da sauri, kuma bayansa akwai daman da ya kwantar da Pipino Cuevas a turmi na biyu a 1980.

Ɗan Auta: Na De La Hoya a fam 154 aka yi, ba 147 ba. Kuma ai Leonard ya tsayar da Hearns ɗin naka.

Mai Shayi: Madalla, ka kawo kanka. Ta yaya ya tsayar da shi? Satumba 1981 a Las Vegas, duka alƙalai uku Hearns suke bai wa maki. Idon Leonard na hagu ya kumbura. Wato a wasan dabara zalla Hearns ya fi shi. Sai da Leonard ya ajiye rawa ya shiga da ƙarfin tsiya, ya tura shi cikin igiya a turmi na 13, alƙalin wasa ya raba a na 14. Floyd zai yi wannan kasadar? Mutumin da hannayensa suka sha ba shi ciwo, wanda a wannan ajin yawancin nasarorinsa da maki ne?

Malama: Ku tsaya, da wace doka za a yi karawar? Turmi 15 ko 12? Bayan ɗan dambe Duk Koo Kim ya rasu sakamakon dukan da ya sha a wata karawa a 1982 ne aka fara rage su. Da 12 aka yi waccan ta 1981, da Hearns ne ya tafi da kambun. Sannan na da a ranar dambe ake awon nauyinsu, na yanzu kuwa tun jajibere, su kwana suna ci suna sha su hau da ƙarin nauyi.

Mai Shayi: Malama kin ƙara mini gishiri. Wanda ya yi 147 a safiyar dambe da wannan tsayin, a ba shi kwana guda ya murmure, ai sai addu'a.

Ɗan Nima: Mu nan Accra ba ma shiga musun da ba a ambaci Ike Quartey ba. Ku je ku kalli hagunsa a karawarsa da De La Hoya a 1999. Har gobe muna cewa an yi mana fashi.

Kawu: Ɗan Nima, a turmi na 12 wa ya faɗi?

Ɗan Nima: Kawu, a bar tone-tone.

Ɗan Auta: Kuna mantawa da turmi na biyu da Mosley a 2010. Daman da ya sha sai da gwiwarsa ta lanƙwashe, ya riƙe, ya farfaɗo, daga nan Mosley bai sake ganin hanya ba. Floyd yana karanta mutum. Kuma haɓar Hearns ba ta da ƙwari, kowa ya sani.

Mai Shayi: Mosley yana da shekara 38 a lokacin. Hearns na 1981 shekararsa 22. Haɓar tasa kuma su wa suka same ta? Leonard da Marvin Hagler da Iran Barkley, masu shiga wuta. Na yarda Floyd zai iya kaiwa ƙarshe a tsaye, amma maki ba nasa ba ne.

Ɗan Auta: To na ji. Hearns zai wahalar da shi, iyakar abin da zan ce ke nan. Amma Leonard da Floyd, ina nan kan bakana.

Malama: Ɗazu "babu wanda zai doke shi" ne, yanzu an koma "zai wahalar da shi". Ni tambayata, me ya sa babu wanda ya ambaci Terence Crawford, bayan dukan da ya yi wa Errol Spence a 2023?

Kawu: Malama bari in yi sallar isha'i tukuna, wannan sai na zauna.