Digirin nazarin muhalli: ginin ilimi ne ko tsintar kaɗan-kaɗan daga kowane fanni?

Injiniya Lawal: Assalamu alaikum. Ɗiyar ƙanena ta samu gurbin karatu a sashen kula da muhalli na wata jami'a, kuma ta kawo mini jerin kwasakwasan da za ta yi cikin shekara huɗu domin in duba. Na ga ilimin sinadarai kaɗan, ilimin halittu kaɗan, labarin ƙasa, tattalin arziki, dokokin muhalli, ƙididdiga, har da ilimin zamantakewa. Ra'ayina shi ne bai kamata a yi wannan karatu a matakin digiri na farko ba, domin ɗalibin da aka rarraba hankalinsa gida bakwai zai fito ya iya zancen kowane fanni amma ba wanda za a damƙa masa aikinsa. Idan ana son sanin yawan sinadarin kuromiyam da ke cikin ruwan da kamfanonin jimar fata na Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano suke zubarwa, masanin sinadarai ake nema, wanda ya shekara huɗu hannunsa na cikin kayan gwaji. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle bakwai. A kafa tushe a fanni ɗaya tukuna, sannan a karanta muhalli a digiri na biyu.

Dakta Hadiza: Wa alaikumus salam. Yallaɓai Injiniya, wannan fanni nake koyarwa, saboda haka a saurari maganata da sanin cewa ina da gefe. Ina so mu ɗauki gubar dalma ta Zamfara mu auna maganarka da ita. A shekarar 2010 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta lura yara ƙanana na mutuwa da farfaɗiya a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, kuma kafin a shawo kan abin yara fiye da 400 sun rasu. Gwaji ya nuna dalma ce ke cikin dutsen da ake haƙowa don neman zinariya. Wannan ɓangaren na ɗakin gwaje-gwaje shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin, domin cikin ɗan lokaci aka tabbatar da shi. Abin da ya yi wuya shi ne tambayoyin da suka biyo baya. Me ya sa mutanen da suka gaji noma suka koma haƙar ma'adinai? Farashin zinariya ne ya tashi a kasuwar duniya har ya haura dala dubu kan kowane oza, ga kuma talauci. Me ya sa yara suka fi shan wahala? Saboda ana niƙa dutsen da injin niƙan hatsi a cikin gari, ana shanya garinsa a tsakar gida inda mata ke aiki, yara na rarrafe suna kai ƙasa baki. Likita ba zai ci ribar maganin da ke fitar da dalma daga jini ba idan yaron zai koma gidan da ƙasarsa ke da guba, don haka sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zubo sabuwa, kuma a garin Bagega na ƙaramar hukumar Anka wannan aiki bai samu ba sai a 2013 saboda jinkirin sakin kuɗi. Hana haƙar da ƙarfin hukuma kuwa ɓoye ta kawai yake sa a yi, shi ya sa aka bi ta hannun sarakuna da masu unguwanni aka lallashi jama'a su fitar da niƙan daga cikin gari. Bayan duk wannan, a 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Wane digiri ɗaya ne, a cikin waɗanda kake so a kafa tushe da su, yake koya wa ɗalibi ganin wannan sarƙa daga kasuwar zinariya har zuwa tsakar gida?

Injiniya Lawal: Dakta, misalinki ni ya tsaya wa. Waɗanda suka yi aikin Zamfara likitoci ne da injiniyoyi da masana ƙasa da ma'adinai, kowa ya zo da abin da ya ƙware a kai, aka haɗa hannu aka ɗauki jinka. Haɗa fannoni a cikin tawagar ma'aikata abu ne da ban taɓa musu ba. Abin da nake musu shi ne cusa fannonin duka a kan yaro ɗan shekara goma sha takwas.

Malam Yusufu, Maraɗi: Allah ya ƙara wa Injiniya girma, akwai wurin da ƙwararrun suka haɗu kuma aikin bai yi ba. Bayan farin da aka yi a shekarun 1970 an kashe kuɗi masu yawa a Nijar wajen renon itatuwa da dasa su, a ƙarƙashin jami'an gandun daji da suka san aikinsu sarai, amma mafi yawan dashen ya mutu. Abin da ya canja ƙasar Maraɗi da Damagaram shi ne abin da manomanmu ke kira sassaben zamani, wato manomi ya bar tohon kututturen da ke gonarsa, ya rage rassan ya bar masu ƙarfi su girma. Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya, ya fara yaɗa dabarar a yankin Maraɗi wajen 1983, kuma an ƙiyasta ta kai hekta miliyan biyar da itatuwa kimanin miliyan ɗari biyu. Ba wanda ya koya wa Bahaushe amfanin gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma ba dabbobi abinci da rani. Abin da ya hana manomi barin itace a gonarsa doka ce da aka gada tun zamanin Faransawa, wadda ta mayar da itatuwa mallakar hukuma, har mutum ya sare reshe a gonarsa a ci shi tara. Da aka sassauta wannan, manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai ya kula da shi. Masanin itatuwa yana kallon iri da ruwa, lauya yana kallon takarda, ba wanda aka horar ya tambayi yadda ɗaya ke kashe ɗaya. Ina ganin wannan giɓi ne ya sa jami'armu ta Dan Dicko Dankoulodo ta haɗa aikin gona da kimiyyar muhalli a tsangaya ɗaya.

Aminu: Iyayena, ni na yi wannan digirin, kuma zan faɗi abin da na gani ko da bai yi wa sashenmu daɗi ba. Baba Injiniya yana da gaskiya a kan ɗakin gwaje-gwaje. Na kammala ban taɓa auna ƙarfe mai guba a cikin ruwa da hannuna ba, a kan allo kawai aka zana mana na'urar, kuma ranar da na je neman aiki a wani kamfanin ba da shawara kan muhalli, tambayar farko da aka yi mini ita ce yadda ake adana samfurin ruwa kafin ya isa ɗakin gwaji. Na ji kunya. Amma da na fara aikin, sai na ga rahoton tantance tasirin aiki ga muhalli, wanda dokar 1992 ta wajabta kafin a fara manyan ayyuka, yana buƙatar wanda zai karanta sakamakon masanin sinadarai da na masanin tsirrai, ya zauna da mutanen gari ya ji abin da za su rasa, ya kuma san ƙa'idojin NESREA, hukumar da ke tabbatar da bin dokokin muhalli a Najeriya, sannan ya haɗa su su zama magana ɗaya. A nan ne abokan aikina masu digirin sinadarai suke turo mini takarda. Wani abu kuma da ya kamata a duba wa ƙanwata shi ne sunan tsangayar, domin a jami'o'in Najeriya da yawa tsangayar da ake kira ta kimiyyar muhalli ta masu zanen gine-gine ce da tsara birane da ƙiyasin kuɗin gini, wanda hanya ce daban.

Alhaji Bukar, Nguru: Ni ba malamin jami'a ba ne, tsohon ma'aikacin gona ne, amma ina da abin faɗa wa Injiniya tun da aikin ruwa ya yi. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa ta 1992, injiniyoyin da suka gina su ba su yi kuskuren lissafi ba, ga su nan tsaye, suna ba Kano ruwan sha, ana noman rani da ruwan Tiga a Kadawa da Kura. Sai dai mu da ke ƙasan kogi mun ga abin da lissafin bai ƙunsa ba. Da can ambaliyar damina ce ke cika fadamun Haɗeja da Nguru, a yi shinkafa, a kama kifi, ruwa ya janye a shuka a danshinsa, makiyaya su shigo da rani. Da aka tare kogin, ambaliyar ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, wanda shi ne abin da ciyawar ruwan nan kachala ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ya nutse wani ya bushe, tsuntsu jan-baki ya samu mafaka a cikinta yana cinye hatsi, manomi da makiyayi suka koma rububin ɗan filin da ya rage. Masana tattalin arziki da suka zo daga baya sun nuna ruwan ya fi kawo amfani a fadama fiye da a filayen ban-ruwa na sama, amma a lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe. Tawagar ƙwararrun da kake magana a kanta, wa ke zaɓen waɗanda za su shiga cikinta? Idan shugaban aikin injiniya ne zalla, masunci ba zai faɗo masa a rai ba, balle ya aika a kira masanin kifi.

Injiniya Lawal: Alhaji, wannan ta shige ni, domin mu aka koya wa ganin ruwan da ya wuce madatsa a matsayin asara. Na yarda ana buƙatar mai tambayar abin da ba a tambaya ba. Amma ku duba abin da ɗana Aminu ya faɗa da bakinsa. Wanda bai iya auna komai ba, ta yaya zai gane idan ɗakin gwaji ya kawo masa sakamakon ƙarya? Na sha ganin rahotannin da aka kwafo alƙalumansu daga wani aikin, aka sa hannu, saboda mai dubawar bai san cewa lambar ba za ta yiwu a irin wannan ƙasa ba.

Dakta Hadiza: Wannan cuta ce ta rashin kayan aiki, Yallaɓai, kuma tana damun ɗaliban sinadarai zalla kamar yadda take damun namu. Sassan da suka daɗe a wannan fanni, irin na kwalejin Middlebury a Amurka da ya fara a 1965 da na jami'ar East Anglia a Ingila na 1967, ba sa barin ɗalibi ya yi ta yawo har ƙarshe. A shekarun farko yana ɗanɗana fannoni, daga baya ya zaɓi ɗaya ya nutsa. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'in Najeriya ta fitar a 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta, kuma a ganina a nan ya kamata jami'o'in Arewa su zuba zurfin, ɗalibi ya zaɓi ruwa ko ƙasa ko doka tun daga aji uku, ya yi aikin koyon sana'arsa na wata shida a wannan layi.

Injiniya Lawal: Kashi 30 bai kai shekara ɗaya da rabi ba, Dakta, kuma ban ga yadda zai yi daidai da shekara huɗu ba. Duk da haka ba zan ce yarinyar ta canja kwas ba. Zan tambayi sashen nasu ko suna da na'urar auna ƙarafa a ruwa kuma tana aiki, da kuma ko ɗalibai na taɓa ta da hannunsu. Idan babu, hutun ƙarshen zango za ta riƙa yin sa a ɗakin gwajin ruwa tare da ni.

Alhaji Bukar, Nguru: Idan ta gama da ɗakin gwajin, ka turo mana ita Nguru da kaka, mu sa ta a kwalekwale ta ga inda kachala ta toshe hanyar ruwa ta Marma, ta kuma zauna da Sarkin Ruwa ya gaya mata irin kifayen da aka daina kamawa.