Tukwicin mai kawo abinci a Legas: nawa ake bayarwa, yaushe ake hanawa?

Maman Khalifa (Agege): Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a taimaka min da shawara kafin Asabar. Ƙanwar maigidana za ta zo daga Funtuwa da mijinta, muna so mu fita da su cin abinci wajen Victoria Island ko Lekki. Amma abin da aka yi mana wancan watan har yau yana cina. Mu huɗu muka je wani wuri, ba zan kama suna ba. Mun fi awa ɗaya a zaune, shinkafa ta zo a huce, kifin da aka ce a gasa aka kawo shi soyayye. Abinci na dubu 40, da rasit ya zo sai ga 49,000. Yaron kuma ya tsaya a kanmu da POS yana ta murmushi. Abban Khalifa don kunya ya ƙara masa dubu biyu, ni kuwa na yi ta mita tun daga gadar Third Mainland har gida. Wai dole ne a ba su wani abu ko da sun ɓata wa mutum rai?

Usman Akanta (Ikeja): Wa alaikumus salam Maman Khalifa. Bari in fara da dubu taran nan, don ba sata ba ce yadda kike zato. VAT, wato harajin gwamnatin tarayya kan abin da aka saya, kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, a kan dubu 40 ya kama 3,000. Sai harajin gwamnatin Legas na otal da gidajen abinci, kashi 5, dokar 2009 ce, 2,000 ke nan. Waɗannan biyun ba na masu wurin ba ne. Ragowar 4,000 ɗin nan shi ne sabis caj, kashi 10, wanda gidan abincin ya ɗora da kansa. Shi ne abin tambaya.

Maman Khalifa: To ai an riga an cire kuɗin hidima ke nan. Me kuma yaron yake jira?

Rabi'u (Obalende): Anti, ni zan amsa wannan, don shekara uku na yi ina ɗaukar tire a wani gidan abinci a tsibiri, wato ɓangaren su Victoria Island, kafin in koma sana'ar waya. A inda na yi aiki, sabis caj ɗin nan ba ya zuwa hannunmu kai tsaye. Sai ƙarshen wata a tara, a cire kuɗin kofuna da farantin da suka fashe, a raba da 'yan kicin da masu wanke-wanke, abin da zai iso gare ka bai taka kara ya karya ba. Wasu wuraren suna rabawa da gaskiya, wasu ba ka ma jin labarinsa. Ki tambayi yaron a hankali, ba a gaban manaja ba: wannan kuɗin yana zuwa wajenku? Fuskarsa kaɗai za ta ba ki amsa.

Sannan maganar jinkiri. Wallahi sau da yawa ba laifin mai kawowa ba ne. Ka kai oda kicin, mutum biyu ne a kan wuta, tebur goma sha biyar na jira, ko gas ya ƙare ana canja tukunya. Kai ne za ka fito ka sha harara. Na taɓa tsayawa wani Alhaji yana zazzaga min masifa a kan miyar da gishiri ya yi wa yawa, ni da ko ludayin ban taɓa ba. Amma kifin da aka ce gasasshe ya zo soyayye, wannan kam na yaron ne, ko bai rubuta daidai ba ko bai duba ba kafin ya ɗauko.

Alhaji Ɗanjuma (Mile 12): Ku dai kuna da ƙarfin hali. Shekarata ashirin da shida a garin nan, ban taɓa biyan kuɗin abinci sannan in biya wanda ya miƙo min ba. A bukar da nake cin amala da gbegiri, ni ake yi wa gyara, a ƙara min tsoka ɗaya. Har Yarbawa sun ari kalmar, jara suke cewa. Mai tsire ma in ka saya da yawa sai ya yanka maka na ɗanɗano. Wannan ba da kuɗi bayan an biya, al'adar Turawa ce kuka ɗauko.

Hajiya Binta (Idi-Araba): Haba Alhaji. Tukwici ne al'adar Turawa? In maƙwabciya ta aiko yarinya da kwanon tuwon sallah, haka kake sallamarta hannu rabbana? Tun muna yara muke rige-rigen kai abinci gidan da muka san ana ba da tukwici mai kauri. Wanda ya kawo maka abin alheri ana sa masa wani abu a hannu, mun gaji wannan. Abin da ba mu gada ba shi ne a rubuta maka shi a takarda a ce dole.

Alhaji Ɗanjuma: Hajiya kin kama ni. Amma yarinyar maƙwabta ba ta kawo min rasit da haraji uku.

Anti Fati (Surulere): Dole ɗin nan a Amurka yake. Da na je wajen ɗiyata, kashi 15 zuwa 20 ake bari, in ba ka bari ba kamar ka ci haƙƙin mutum ne, domin dokar tarayyarsu ta yarda a biya mai irin wannan aiki dala 2.13 kacal a awa, sauran daga hannun masu cin abinci zai fito. Nan ba haka tsarin yake ba, kyauta ce, ka ga dama ka bayar. Ni ƙa'idata: in babu sabis caj a rasit kuma an kula da ni, ina ba da kamar kashi 10. In akwai, sai in ba yaron dubu ɗaya ko biyu a hannunsa. A hannunsa fa, kada a ce a haɗa a POS, don wannan asusun mai gida yake tafiya.

Rabi'u: Wannan gaskiya ne Anti. In babu tsabar kuɗi, ki ce ya ba ki lambar OPay ko PalmPay ɗinsa. Tun wahalar kuɗi ta farkon 2023 kowa ya saba da haka. Kuma ku tuna, an ce mafi ƙarancin albashi a Legas dubu 85 ne tun ƙarshen 2024, amma ni lokacin da nake aikin, abin da nake kashewa a mota daga gida zuwa tsibiri ya kusa cinye rabin abin da ake biyana. Dubu ɗayan nan ita ce kuɗin danfo na komawa gida.

Malam Habu (Agege): Allah ya saka wa kowa. Abu ɗaya zan ƙara. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Wannan ba ya hana mutum neman haƙƙinsa in ya biya kuɗi aka kawo masa abin da bai ce ba. Amma akwai bambanci tsakanin "ba wannan na ce ba, a canja min" da tsayawa ana kushe girki ana wulaƙanta yaro a gaban jama'a. Kuma tunda tsibiri za ku, ku tambaya ko ana sa giya a miya ko naman alade a cikin wani abu, musamman wuraren abincin Sin da na Turawa. Tambaya ba abin kunya ba ce.

Usman Akanta: Kuma a yi magana da wuri. Kuskuren da muke yi shi ne mu yi shiru don kara, mu cinye, sai an kawo rasit mu fara ɓacin rai. Wanda ya share faranti ba shi da bakin ƙorafi. Cokali ɗaya kika ji a huce, ki ajiye, ki kira yaron. In ya wuce minti talatin ba labari, a kira manaja, da murya ƙasa-ƙasa. Sau biyu ina cewa a cire min sabis caj saboda jinkiri, sau ɗaya aka cire, ɗayan suka kawo lemo kyauta. Harajin gwamnati kam kada ma ki ɓata bakinki. In abin ya kai ga cuta ta gaske, kamar a caje ki abin da ba ki ci ba su ƙi gyarawa, ko abinci ya lalace, ki riƙe rasit ki ɗauki hoto. Akwai hukumomin kare haƙƙin masu saye, LASCOPA ta jihar Legas da FCCPC ta tarayya, aikinsu ke nan.

Sadiya (Yaba): Ni dai Google nake shiga in ba su tauraro ɗaya in huta.

Hajiya Binta: Ki dai yi a hankali 'yata. Kin manta matar nan da ta yi rubutu a Facebook kan tumatirin gwangwani a 2023, har 'yan sanda suka kama ta? In za ki rubuta, ki tsaya kan abin da ya faru da ke: ƙarfe nawa kika zauna, ƙarfe nawa abinci ya zo, me aka kawo. Ban da "guba suke sayarwa".

Maman Khalifa, ga tawa dabarar in ina da baƙi. Ina kiran wurin tun da safe in kama tebur. Muna isa bayan Azahar, kafin 'yan biki su cika hanyar Lekki, kin san Asabar a garin nan. Da mun zauna nake tambayar yaron sunansa, in ce masa ɗana, me kuke da shi a shirye yanzu? Abin da ya ce shi muke ci, ba na biye wa hotunan menu. Kuma nakan ɗan sa masa dubu ɗaya tun a farko in ce baƙi na kawo daga Arewa, ka fitar da ni kunya. Ba a taɓa barina ina hamma ba. Ki ware ɗari biyar ta mai gadin da zai nema muku wurin ajiye mota, shi ma yana nan yana jira.

Rabi'u: Hajiya ta san sirrin. Teburin da aka kira ka da sunanka, kai da kanka za ka shiga kicin ka tsaya a kan odarsu.

Maman Khalifa: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan kira su da safe, kuma wannan karon rasit a hannuna zai fara sauka kafin Abban Khalifa ya ciro kati. Dubu biyun da ya bayar wancan karon dai na yafe, tunda Rabi'u ya ce kuɗin danfo ne.

Alhaji Ɗanjuma: Ko ki kawo su Agege a saya musu gurasa da tsire na dubu goma, kowa ya ƙoshi har a yi guzuri. 'Yan Funtuwa ne fa.

Maman Khalifa: Alhaji daga Funtuwa za su taso, in tarbe su da tsire? So kake a kai labarina gidan surukai.