Shonda Rhimes: Wasu ke rubutu, ita ke cin suna?

Baban Walid: Jama'a, ni fa ina ganin sunan Shonda Rhimes, marubuciya kuma furodusar shirye-shiryen talabijin a Amurka, ya fi aikinta girma. Bridgerton da ya fito a Netflix a 2020, Chris Van Dusen ne ya tsara shi daga littattafan Julia Quinn. How to Get Away with Murder kuma na Peter Nowalk ne. Amma kowa sai ka ji ya ce fim ɗin Shonda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Maman Ilham: Haba Baban Walid, ka ɗauko rabi ka bar rabi. Wa ya ƙirƙiri Grey's Anatomy a 2005? Ita ce, da alƙalaminta. A 2019 shirin ya zarce ER, ya zama wasan likitoci mafi daɗewa cikin manyan shirye-shiryen dare a Amurka. Scandal ma nata ne, a 2012, kuma ta ɗora baƙar fata, Kerry Washington, a matsayin jarumar shirin, abin da manyan tashoshin ƙasar suka yi kusan shekara 40 ba su yi a shirin dirama ba.

Baban Walid: Na yarda da waɗannan, Hajiya. To bayan ta koma Netflix a 2017 fa?

Maman Ilham: Queen Charlotte na 2023 ita ta ƙirƙira, ta kuma rubuta.

Ɗan Zinder: Ku yi haƙuri in sa baki, yayyena. Shi Nowalk da Van Dusen ɗin, a ina suka koyi aikin? A kamfaninta na Shondaland, wajen Grey's Anatomy da Scandal. Ta raine su, ta nemo musu tasha da kuɗi, kuma sunayensu na fitowa a allo ƙarara. Furodusa ke nan. Idan 'yan kallo ba sa karanta sunayen, ai ba laifinta ba ne.

Baban Walid: Wannan shi ne abin da ke ci min rai. Ƙanena ya rubuta shiri mai dogon zango a nan gida, ya kwana nawa bai runtsa ba, amma ko a talla ba a ambace shi ba.

Maman Ilham: Allah ya bi masa haƙƙinsa, wallahi an zalunce shi. Amma can Amurka akwai ƙungiyar marubuta mai ƙarfi, ita ke yanke wanda za a rubuta sunansa, har yajin aiki suka yi na kusan wata 5 a 2023. Ƙanen naka ya sa hannu a takarda kafin ya fara?

Baban Walid: Ina! Da baki kawai aka yi magana.