Silikon ɗin da na sa wa tagogina ya ɓare, wane iri zan saya yanzu?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani a taimaka mini. Tagogin gidana na aluminiyam ne, an dasa su a bangon siminti, biyu daga ciki kuma suna da kewayen katako mai fenti. Bara na ga ruwa yana tsiyayowa ta kusurwar ƙasa duk sanda aka yi ruwa da iska, sai na sayo silikon, gam ɗin nan na toshe tsaga, na bi gefunan ta waje, a kan tsohon da ke wurin. Da ya bushe na shafa fenti. Yanzu fentin ya farfashe ya zube, silikon ɗin kuma in na kama bakinsa na ja, sai ya biyo hannuna kamar igiya. Bangon ɗakin yara har ya fara baƙi ta ciki, abin yana damuna ƙwarai. Wane iri ne zai daɗe? Kuma dole sai na cire tsohon duka? Tagogi takwas ne.

Wani mai fenti:
Wa alaikumus salam Malam. Dole ne, ba makawa. Sabon bai kama bango ba, tsohon ya kama, shi kuma tsohon dama ya riga ya saki. Ka sa wuƙa mai kaifi ka yanka ta gefe biyu, ka zare shi, sannan ka kankare ragowar har sai ka ga siminti tsurarsa da aluminiyam tsurarsa. A gefen aluminiyam ka yi amfani da makankarin roba don kada ka karce shi. Ka share ƙura da burushi, ka goge da tsumma mai sifirit, ka bi da busasshen tsumma nan take. A nan aikin yake, matsa sabon bai kai minti goma a taga ɗaya ba, amma gyaran wurin zai iya cin awa guda.

Maganar fenti kuwa, zallar silikon ba ya karɓar fenti ko wane iri ne. Ko ɗan maiƙonsa ya rage a bango, fenti zai riƙa gudun wurin. In kana son fenti ya hau, ka karanta jikin kwalin ka tabbatar an rubuta ana iya yi masa fenti.

Wani mai haɗa tagogi:
Ina da tambaya, ranka ya daɗe. Lokacin da kake matsa shi, ka ji wani wari mai tsami yana hawa maka kai? In haka ne, mai asid ka saya. Wannan ya fi dacewa da gilashi da tayil, amma ba ya jituwa da siminti, yana kuma iya cin wasu ƙarafa. Tsakanin firam da bango, silikon marar asid ake sa wa, wanda aka rubuta na waje ne. Yana jure rana shekara da shekaru, kuma yana zuwa da launuka, fari, baƙi, ruwan toka, ka ga ba ka buƙatar fenti.

Abin da ya fi damuna shi ne da ka ce ruwan ta kusurwar ƙasa yake fitowa. Je ka duba ƙasan firam ɗin ta waje, akwai wasu 'yan ƙananan ramuka. Da gangan muke huda su, domin ruwan da ya shiga kwarin da gilashi ke gudu a kai ya samu hanyar fita. Mutane da yawa suna ɗauka kuskuren aiki ne su toshe. In aka toshe, ruwan ya taru ya rasa mafita, sai ya juyo cikin ɗaki.

Mai tambaya:
Subhanallahi. Warin na ji shi sosai. Ramukan kuma yanzu na leƙa, wallahi ni da hannuna na cike su bara, na zaci ta nan ruwan ke shiga. Biyun da ban taɓa ba ma ƙasa ta cika su.

Mai haɗa tagogi:
To ka buɗe su yau ɗin nan da siririyar waya, tun kafin ka sayi komai. Ka zuba ruwa kofi ɗaya a kwarin ka ga ko yana fita waje.

Wata 'yar uwa mai duba aikin gini:
Allah ya saka wa waɗanda suka amsa. Bari in ƙara abin da ba a cika faɗa ba. Aluminiyam yana miƙewa da zafi ya tsuke da sanyi, kusan ninki biyu na yadda siminti ke yi, don haka tsagar da ke tsakanin firam da bango kullum cikin motsi take. Ka nemi gam ɗin da aka rubuta alamar ma'aunin inganci ASTM C920 ko ISO 11600 a jikinsa, da lamba 25 ko sama. Ma'anar lambar, zai iya jure buɗewa da tsukewa har kashi 25 cikin ɗari na faɗin tsagar.

Kada kuma ka cika rami mai zurfi da shi, Malam. In tsagar ta kai milimita 6 kuma tana da zurfi, akwai wata igiyar soso da ake turawa ciki tukuna, a zaɓi wadda ta ɗan fi tsagar kauri. Tana hana ɓarna, amma babban amfaninta shi ne ta sa gam ɗin ya kama gefe biyu kawai. In ya manne har da ƙasan ramin ba zai samu damar miƙewa ba, sai ya yage. A tsaga mai faɗi, zurfinsa ya zama kamar rabin faɗinsa: faɗi milimita 12, zurfi 6.

Wurin ya bushe sarai kafin a sa. Kada a yi da tsakar rana firam na ƙuna, a bari inuwa ta sauko gefen.

Wani dattijon kafinta:
Yaro, ni katakon nan nake ji. Ka caka masa sukundireba a ƙasa inda ruwa ke kwanciya. In ya nutse, ya ruɓe, babu gam ɗin da zai cece shi, a canza wannan ɓangaren. In da ƙarfinsa, ka kankare fentin da ya tashi, ka goge da sanfefa, ka shafa fentin farko na ƙasa ya bushe, sannan gam, sannan fenti. In fentin tsohon yayi ne ƙwarai ka rufe hanci ka jiƙa shi kafin ka kankare, wasu tsofaffin suna da dalma, ka kuma kau da yara daga wurin. Ni gam ɗin da ake kira foliyuretan nake sa wa katako, kamunsa ba wasa.

Mai fenti:
Baba, gaskiya ne yana kamu, amma ga wanda hannunsa bai saba ba yana da wuyar lallaɓawa, ga danƙo, kuma in ba a rufe shi da fenti ba rana tana cinsa a hankali. Ni da mai tambaya zai ji tawa, ya nemi gam ɗin da ake kira MS polymer, yana karɓar fentin ruwa, yana kama katako da siminti da aluminiyam, iri ɗaya ya ishe shi tagogin takwas. Gam ɗin akirilik na ruwa kuwa ya bar shi sai ƙananan tsagogin katako, yana tsukewa in ya bushe.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Ruwan ya fita ta ramukan da na buɗe. Guda nawa zan saya, kuma yaya zan yi layin ya fito tsaf?

'Yar uwa mai duba aikin gini:
Ka auna kewayen tagogin. Guda ɗaya mai mililita 300 yana yin kusan mita 8 a tsaga mai faɗi 6 da zurfi 6, ka ƙara ɗaya a kan lissafin. Ka duba ranar lalacewarsa, wanda ya kwana biyu a ajiye wani sa'in ba ya bushewa. Ka manna salatif a gefe biyu, ka yanke bakin bututun gam ɗin a karkace daidai faɗin tsagar, ka matsa ba tare da tsayawa ba, ka danne shi sau ɗaya ya shiga sosai, ka cire salatif ɗin nan take kafin sama ta fara tauri. Ka zaɓi ranar da ba hadari, ya samu aƙalla awa 24. Bangon ɗakin yara kuma kada ka yi masa fenti yanzu, ka wanke baƙin, ka bar taga a buɗe har ya bushe ciki da waje.