Kakar 2019/2020 da korona ta katse mana: kowa ya faɗi abin da ya gani

Ɗan Ƙofar Mata:
Assalamu alaikum jama'a. A majalisarmu aka tayar da zancen gasar Firimiyar Najeriya ta 2019/2020, sai na tarar samari da dama ba su san yadda ta ƙare ba, har akwai masu rantsuwa cewa Plateau United ta ɗaga kofi. An fara gasar a farkon Nuwamba 2019 da ƙungiyoyi 20. Mako 25 aka buga cikin 38, sai kamfanin LMC mai shirya gasar a lokacin ya dakatar da ita a tsakiyar Maris 2020 saboda korona. A watan Yuli hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, ta amince a rufe kakar a inda ta tsaya: ba zakara, ba wanda ya faɗi, ba wanda ya hau daga ƙaramar gasa. Wannan kowa zai samu a jarida. Ni abin da nake nema shi ne wanda abin ya shafa ya gaya mana da bakinsa, ko ɗan kallo ne, ko ɗan wasa, ko mai neman abinci a bakin fili.

Na Titin Zariya, Jos:
Wa alaikumus salam. Malam, ka fama mana miki. Ni tun ana wasa a filin Rwang Pam nake bin Plateau United. Lokacin da aka tsaya maki 49 gare mu a wasa 25, Rivers United ta Fatakwal na biye da 45. Abdu Maikaba ne koci, mutumin Kano, kuma mun riƙe shi hannu bibbiyu a Jos. Mun ɗanɗana kofi a 2017, saboda haka mun san yadda ƙungiya take idan za ta kai, kuma wannan mun ga alamar a jikinta. Mu 'yan ƙungiyar magoya baya na unguwarmu har mun fara karo-karo na kuɗin mota don wasannin waje da suka rage. Kuɗin nan daga baya raba shi muka yi, kowa ya sayi hatsi lokacin kulle.

Ban taɓa cewa kada a tsayar da wasa ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne a ce mu ne na ɗaya, a ba mu tikitin gasar Zakarun Afirka saboda mu ne na ɗaya, amma a hana mu sunan zakara. A Faransa da suka rufe tasu gasar a Afrilu, PSG suka miƙa wa kofi. Na san za a ce a Holan ba a ba Ajax ba. To amma yaran nan da suka yi ta bin hanya daga Jos zuwa Fatakwal, zuwa Uyo, zuwa Akure a cikin bas, yau idan aka buɗe jerin zakarun Najeriya, gurbin shekararsu fayau yake.

Sannan tikitin ma bai yi mana rana ba. A ƙarshen Nuwamba aka haɗa mu da Simba ta Tanzaniya. Su gasarsu ta dawo tun watan Yuni, sun kammala, sun shiga sabuwa. Mu kuwa wata takwas yaranmu ba su buga wasan gasa ko ɗaya ba. Suka ci mu ɗaya da nema a Jos, aka tashi ba ci a Darussalam, shi ke nan. A rediyo na bi wasan gida, filin yana nan kusa da ni amma ban samu shiga ba.

Mai tsire a bakin fili:
Ɗana ne yake rubuta min, ni ina faɗa. Ni ba ruwana da wanda ya ɗauki kofi. Tukubata a wajen filin Sani Abacha take duk ranar da Pillars ke gida. Cinikin Lahadi ɗaya ta wasa yakan riƙe gidana har wani wasan ya zagayo, kuma akwai yara biyu da ke taya ni, su ma da shi suke ci. Ba ni kaɗai ba, akwai masu rake, masu ruwan leda, masu gurasa, masu sayar da riguna da huluna na Sai Masu Gida, masu gadin babura. Ban taɓa jin wanda ya ƙirga mu ba lokacin da ake ta maganar asarar ƙungiyoyi.

Da aka dakatar na ce to, mako biyu ko uku ne. Sai ga korona ta ɓulla a Kano a cikin Afrilu, aka sa kulle, azumi ya kama muna kulle. Filin kansa aka kafa cibiyar killace masu cutar a cikinsa. Wurin da nake kiran masu saye, motar asibiti ce take shiga da fita. Jarina a cikin azumin nan ya ƙare, don nama ba ya jira, iyali kuma ba sa jira. Da aka dawo da gasa a ƙarshen Disamba na yi murna, sai aka ce Pillars a Kaduna za ta riƙa buga wasan gida. Har Ahmed Musa ya dawo ƙungiyar a 2021, ranar da da a Kano ne da na sayar da naman sa guda, a filin Ahmadu Bello na Kaduna aka yi. Ɗaya daga yaran nan nawa tun lokacin ya tafi Legas aikin acaɓa, bai dawo sana'ar ba.

Ɗan Ƙofar Mata:
Allah ya mayar da alheri, Baba. Ni ma na sha cin tsire a layin nan, wataƙila ma naka ne.

Lamba Biyar:
Ni ina cikin masu buga gasar a waccan kakar, a baya nake wasa. Ba zan faɗi ƙungiya ba, ku yi min uzuri.

Watan Maris ɗin nan tun kafin korona ya zo mana da nauyi. Ranar 8 ga wata Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya faɗi a fili a Lafiya, ana wasa da Katsina United, ya rasu. Duk ɗan wasan da ya ga bidiyon nan ya kwana yana tunanin kansa. Ba a yi mako biyu ba aka tsayar da gasa, aka ce kowa ya tattara ya tafi gida. A wannan tafiya gidan ne Ifeanyi George na Rangers ya rasu a haɗarin mota ranar 22 ga wata, kuma a ranar aka sace Dayo Ojo na Enyimba a hanya, Allah ya sa daga baya aka sako shi. Ina cikin mota ni ma a kwanakin, waya tana ta shigowa daga gida ana tambayar ina na kai.

Na iso gida da jaka ɗaya, don an ce ba za mu daɗe ba. Koci yana turo mana jadawalin atisaye ta WhatsApp, ni kuma ina gudu a bayan gari bayan sallar asuba kafin jami'an kulle su fito. Amma gudu kai kaɗai ba ya maye gurbin wasa. Ɗan baya da ido da lokaci yake aiki, kuma waɗannan sai da abokin karawa. Albashi ya fara zuwa rabi, daga nan ya koma sai an tuna da mu. Alawus na cin wasa, wanda a gaskiya da shi yawancinmu muke cefane, ya tsaya cak tunda ba wasa. Ga 'yan'uwa suna ganin ɗan Firimiya ne ya dawo gida, kowa da buƙatarsa. Kwantiragina ya ƙare ina zaune a ɗaki. A kakar nan nake buga wasa mafi kyau a rayuwata, har wani wakili ya fara yi min maganar gwaji a Arewacin Afirka idan an kammala. Ba a kammala ba, iyakoki a rufe, maganar ta mutu a waya.

Ma'aikaciyar jinya, Kano:
Sannu ƙanena, Allah ya musanya maka da mafi alheri. Ni mijina ɗan Pillars ne na gani-kashe-ni, tun kofin 2008 ba ya fashin fili, kuma na ga yadda ya rame da rashin wasa. Amma ina so a tuna yadda Kano take a ƙarshen Afrilun nan. Manyan mutane suna ta rasuwa a jere, malamai, dattawan unguwa, masu haƙa kabari suna cewa aiki ya yi musu yawa. Mu a wurin aiki takunkumi ɗaya muke lallaɓawa, in na dawo gida sai na yi wanka a waje kafin yara su taɓa ni. Duk wanda ya san cunkoson ƙofar shiga fili ranar babban wasa, ya san ba a iya cewa a ba da tazara a wurin. Da an ci gaba da wasa da 'yan kallo, dattawan da samarin nan za su koma wa a gida su za su biya. Ina tare da Baba mai tsire a kan cewa an manta da su, wannan gaskiya ne, amma tsayarwar kanta daidai ce.

Malamin Lissafi:
Bari in shigo da abin da ya fi jawo gardama a ɗakin malamanmu. Da za a rufe kaka, ba duka ƙungiyoyi ne suka buga wasa daidai ba. Enyimba tana da kwantan wasa biyar saboda tana gasar Kofin Ƙalubale ta Afirka, inda ta kai zagayen kwata fainal kafin Horoya ta Gini ta fitar da ita. Shi ya sa aka raba makin kowace ƙungiya da yawan wasanninta. Plateau 49 a wasa 25, ya ba da 1.96. Rivers United 45 a wasa 25, ya ba da 1.8. Enyimba 36 a wasa 20, shi ma 1.8 cif. Aka ɗora Enyimba ta biyu ta tafi gasar Zakaru, Rivers ta koma ta uku ta tafi Kofin Ƙalubale tare da Pillars, wadda ta samu gurbi da kofin Aiteo da ta ci Niger Tornadoes a 2019. Lobi Stars da ke ta uku a teburin da muke gani da ido ta tashi a tutar babu.

Na sa ɗalibaina sun yi lissafin nan a allo da aka koma makaranta, kuma wani yaro ya yi tambayar da ta fi tawa: wa ya ce Enyimba za ta ci gaba da samun maki a kwantan wasanninta kamar yadda ta saba? A gasarmu wasan gida da na waje ba ɗaya ba ne ko kusa. Lissafin daidai ne a takarda, amma yana ɗauka cewa duk wasanni nauyinsu ɗaya. Na fahimci ƙorafin mutanen Fatakwal sosai. Kuma ikon Allah, a Fabrairun 2021 ƙungiyoyin biyu suka haɗu a Kofin Ƙalubalen, Enyimba ta wuce da bugun fenariti.

Na Titin Zariya, Jos:
Malam, ka ga ko a lissafin naka ba wanda ya kusa da mu. Abin da nake faɗa ke nan.

Mai gidan kallo, Bauchi:
Ni Wikki nake yi, amma abincina daga ƙwallon Turai yake fitowa. Gidan kallona a rufe yake har aka sassauta. Jamus ta dawo a tsakiyar Mayu, Ingila a tsakiyar Yuni, ba 'yan kallo, na buɗe da rabin benci ina sa bokitin wanke hannu a ƙofa. Kullum sai wani ya tambaye ni, su sun dawo, mu me ya hana? Amsar da nake bayarwa ita ce su suna gwada kowane ɗan wasa a kai a kai, kuma kuɗin talabijin ne yake tura su su ƙarasa. Mu yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, gwamnatocin kuma a lokacin ta abinci da asibiti suke yi. Ga hana zirga-zirga tsakanin jihohi da ba a ɗage ba sai farkon Yuli. Yaya Wikki za ta je Aba? Aƙalla wasa 13 ya rage wa kowa, ba ɗaya ko biyu ba.

Akwai kuma waɗanda rufewar ta yi wa rana, a faɗi gaskiya. Adamawa United ce ta ƙarshe a tebur, ta tsira. A kakar da ta biyo baya ta faɗi duk da haka, tare da Jigawa Golden Stars. Waɗanda na fi tausaya wa su ne na ƙaramar gasa da suka kashe kuɗi suna neman hawa, aka ce su sake daga farko.

Ɗan Zangon Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Ina filin Baba Yara a Agustan 2019 da Kotoko ta nan Kumasi ta ci Pillars biyu da nema a gasar Zakarun Afirka, bayan ku kun ci uku da biyu a Kano. Mu 'yan zango ranar nan zuciyarmu biyu. Namu ya fi naku ciwo ta wani ɓangaren, don tun tsakiyar 2018 ba mu da gasa ta sosai, sai a Disamba 2019 aka dawo, filaye suka fara cika, korona ta zo a Maris. A ƙarshen Yuni aka soke kakar baki ɗaya.

Ɗan Ƙofar Mata:
Mun gode ɗan'uwa. Lamba Biyar, in ba damuwa, ka koma wasa bayan nan?

Lamba Biyar:
Na koma, Yaya. Na je gwaji kafin a fara sabuwar kaka ranar 27 ga Disamba, wata ƙungiya ta ɗauke ni. Amma an matse wasanni, Lahadi da Laraba, ga doguwar hanya, jiki kuma ya daɗe a zaune. Cinyata ta tsage kafin a kai rabin kaka, kuma ba ni kaɗai ba ne, a ɗakinmu kusan kowa yana ɗaure da wani wuri. Da kuɗina na yi jinya. Yanzu ina da shagon kayan waya a garinmu, da yamma kuma ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 15. Baba mai tsire, idan ɗanka zai turo min saƙo ta akwati, muna da gasar unguwanni da ke tara jama'a a ƙarshen mako, kuma ba mu da mai nama a wurin.