Yajin ƙuli a haƙarƙari, kafin wuta ko bayan an sauke?

Yaya Babba: Salamu alaikum mutan gida. Tunda Babbar Sallah ta matso bari in faɗa tun yanzu, bana don Allah kar a turmuza mana haƙarƙarin rago cikin yajin ƙuli kafin a ɗora a wuta. Ƙuli na tsire ne. Haƙarƙari gishiri kawai yake so, yaji sai an sauke.

Goggo: Wa alaikumus salam. Kai Babba a ina ka samo wannan kuma? Ni nake zuwa kasuwar Muda Lawal da ƙafata in zaɓo citta da kanumfari da masoro da kimba da barkono, in shanya in daka da ƙuli in tankaɗe, tun kana goye haka ake ci a gidan nan. In ba a shafe naman tun da wuri ya jiƙu ba ta ina ƙamshin zai shiga?

Yaya Babba: Allah ya huci zuciyarki Goggo, wallahi ba yajinki nake kushewa ba, duk Bauchi ban ci kamarsa ba. Amma ki duba, tsire yanka ne falan-falan, 'yan mintoci ya gasu tun ƙulin bai ƙone ba, shi kuwa haƙarƙari ƙashi ne da jijiya da kitse, sai ya yi awa 2 zuwa 3 a gefen garwashi kafin jijiyar ta saki, to ƙuli gyaɗa ce fa, ba ta jure wannan zaman. Bara ni na yanka da hannuna, waje baƙi ƙirin ga ɗaci, jikin ƙashi kuma ja jawur, yara suka bar shi a faranti. Abin ya dame ni sosai.

Maman 'Yan Biyu: A'a Yaya, na bara ba laifin yaji ba ne, ina tsaye a wurin. An sa wayar gashin dab da gawayi tun bai gama kamawa ba, kitse na ɗiga wuta na tashi, yara kuma sai fifita suke. Ko gishirin ne kaɗai da haka zai babbake.

Kawu: Dukanku kuna da gaskiya ta wani ɓarin amma na fi karkata wurin Babba. Ku tsaya gaban tukubar mai balangu a kasuwar Wunti da yamma ku kalla. Manyan yanka suna can gefe nesa da harshen wuta, gishiri ne da ɗan mai, sai ka saya ya yayyanka a takarda sannan ya barbaɗa yaji ya sa albasa. Gishiri shi ne yake narkewa ya ratsa cikin tsoka, su citta da kanumfari a saman naman suke tsayawa ko kwana suka yi.

Auta: Kawu ni kuma bidiyon masu gashi na Amurka da nake gani duk kafin wuta suke shafawa fa, wasu har da sukari a ciki, 'yan Texas ne ma suke tsayawa a gishiri da baƙin masoronsu in haƙarƙarin shanu ne

Yaya Babba: Auta ai nasu a rufe yake, hayaƙi ne da zafi kaɗan kusan wuni guda, naman bai ganin wuta ido da ido. Mu namu waya ce a kan rabin duro a tsakar gida.

Auta: Haka ne kam. Amma suna ɓare wannan farin tantanin na bayan ƙashi tukuna, mu ba ma yi

Goggo: Wa ya ce ba ma yi? Da bakin wuƙa nake ɗaga shi in kama da tsumma in ja, ku ne ba kwa shigowa madafi lokacin. Kuma Kawunku ya yi maganar balangu, to balangun kasuwa daban, na gida daban. Wannan ɓawon da ƙuli yake yi in ya haɗu da kitsen rago ya yi ja ya ɗan ƙame, shi marigayi Baba yake fara ɓantara kafin ya taɓa tsokar. Yajin da aka barbaɗa daga baya ɗanye ne, a baki kake jin garinsa.

Maman 'Yan Biyu: To Goggo me zai hana ki daka kashi biyu? Na farko ba ƙuli, gishiri da citta da tafarnuwa da masoro, a shafa a rufe. In saura kamar minti 15 a sauke sai a shafa man gyaɗa a bi da mai ƙulin a mayar ya yi ɓawon.

Yaya Babba: Wannan na yarda, in dai ƙulin a ƙarshe ne.

Goggo: Ni ban yarda ba tukuna. Rago ai haƙarƙari biyu gare shi, ku ɗauki ɓari ɗaya ku yi naku, ɗayan a bar min, kuma ni zan zauna a bakin wutar da kaina ba yara ba. Auta gobe ka biyo ka kai ni kasuwa, kimbata ta ƙare.